HAWAN DUTSE DA DAMINA: DARASI DOMIN IYAYE DA MATASA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da yake kusa da mu ƙwarai, har kusancin nasa ya sa ba mu cika ɗaga ido mu dube shi ba, wato duwatsun da ke tsaye a bayan garuruwanmu. A ƙasashen Turawa, idan lokacin zafinsu ya zo, wanda shi ne lokacin da ciyayinsu ke fure, mutane sukan keɓe yini guda su hau wani ɗan tsauni domin kallon furanni da hangen ƙasa. Mu a nan, lokacin da ya yi daidai da wannan shi ne damina, musamman daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, sa'ad da aka gama maimai, gero kuma bai isa yanka ba tukuna. A wannan ɗan tsakani manomi yakan sami sararin miƙe baya. Shawararmu ita ce a ɗauki safiya guda cikin waɗannan kwanaki, dattijo ɗaya ko biyu su ja yara su hau dutsen da ya fi kusa da su, gama akwai ilimin da ba ya shiga kan yaro sai ta ƙafarsa.

Irin duwatsunmu

A ƙasar Kankiya da Kusada ba mu da manyan tsaunuka irin na Filato, balle Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419, ya kuwa fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Namu ƙanana ne: wani falale ne shimfiɗe kamar tabarma, wani tarin manyan duwatsu ne da suka hau kan juna, wani kuma tudun marmara ne mai jar tsakuwa. Idan aka nufi yamma wajen Dutsinma, Kurfi da Safana, sai su ƙara yawa da girma, har garin Dutsinma ma daga dutsensa ya sami suna. Yawancinsu yaro mai ƙoshin lafiya zai kai kansu cikin ɗan lokaci kaɗan.

Ƙanƙantarsu kada ta sa mu rena su. Masana duwatsu sun nuna cewa irin wannan dutse mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi ya daskare ne a can cikin ƙasa, shekaru wajen miliyan 600 da suka shige. Ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ke rufe da shi, mai laushi ya tafi, mai tauri ya rage a tsaye. Wanda ya lura zai ga bayan dutsen yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, zai kuma ga tsaga a wurare da yawa. Cikin waɗannan tsagogi ne ƙura da ruɓaɓɓen ganye ke taruwa su zama ƙasa, a nan kuwa darasinmu yake.

Daga gindi zuwa kai

Tun kafin a kai gindin dutse, hanyar gona kanta ta isa a tsaya a kanta. Ga tafasa da furenta ruwan ɗorawa, ga 'yar'uwarta rai-ɗore. Ga gasaya mai farin fure, ga karkashi wanda furensa ruwan hoda yake sunkuye kamar ƙaramar ƙararrawa, ga lalo, ga yaɗiya tana naɗe kalgo. A wuri mai inuwa da laima akan sami balasana mai ɗan fure shuɗi, wanda yakan buɗe da safe ya yanƙwane kafin azahar. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin sammako. Inda ruwa ya kwanta akwai duman kada, cikin tafki kuma bado ya shimfiɗa ganyensa.

Mu lura da wani abu. Mai yawon kallo daga nesa zai ce waɗannan furannin daji ne, ya yaba kyansu ya wuce. Uwayenmu mata kuwa sun san su a matsayin abinci. Watan Agusta shi ne watan da rumbu yakan yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba, tafasa da yaɗiya da gasaya su ne suke riƙe gida har gero ya nuna. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 za su ba da shaida cewa gidaje da yawa da kwaɗon ganye suka tsallake. Yarinyar da ba ta iya bambanta tafasa da rai-ɗore ba, ta rasa wani abu da kakarta ta dogara da shi a mugunyar shekara, alhali kuwa babu wanda ya yi mana alkawari cewa irin waɗannan shekaru ba za su komo ba.

Da an iso gindin dutse, sai a ga itatuwa sun fi kauri, ciyawa ta fi tsawo. Dalili kuwa shi ne dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a bayansa gangarowa yake yi ya taru a gindi, saboda haka ƙasar wurin ta fi ta fili laima. A irin wannan sarƙaƙiya ne akan yi dace da baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege, mai fure ja da ruwan ɗorawa, gefensa a murɗe kamar harshen wuta. A ganinmu babu furen da ya kai shi kyau a dajinmu. Amma dukan jikinsa dafi ne, saiwarsa ta fi, saboda haka a nuna wa yara shi da sanda, kada a bar su su tono. Haka nan albasar kwaɗi, wadda takan fitar da babban fure fari mai jan zane da farkon ruwa. Sunan albasa kawai ta ara, ba ta shiga miya.

Sa'ad da aka fara hawa, itatuwan gona sukan ragu, waɗanda suka saba da tsandauri su karɓi wurin. Geza tana son tsakuwa da marmara. Kukuki yakan tsaya a tsakanin duwatsu da ɓawonsa mai saɓulewa. 'Yan'uwan ɓaure sukan kafa saiwa cikin tsagar da ko yatsa ba zai shiga ba, sannu a hankali su buɗa ta. Akwai kuma tinya mai kaurin jiki, wadda farin ruwanta yake ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa yana iya makantarwa. Maharba na dā sun san ta cikin haɗin dafin kibiya.

Bari mu ɗan daɗe a kan hano, wanda ake kuma kira ararraɓi. Itace ne mai son duwatsu, ɓawonsa fari-fari yana ɓarewa kamar takarda, idan aka ji masa rauni sai ya tsatso ƙaro mai ƙanshi da ake turare da shi. Dangi ɗaya ne da itacen da ke ba da lubban a ƙasar Larabawa da Somaliya, wato lubban ɗin nan da muka saba jin ƙanshinsa a coci. A littattafan masana sunansa Boswellia dalzielii, an kuwa raɗa masa shi ne domin tunawa da Dakta Dalziel, wani likita mutumin Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon zamanin Turawa. Wannan likita ya yi ta tambayar manoma, makiyaya da masu magani sunayen tsirrai da amfaninsu, a 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Abin da ya kamata mu yi tunani a kai shi ne, waɗanda suka koya masa ba su taɓa shiga aji ba. Ilimin nasu ne, shi rubutawa ya yi. Yau jikokin waɗannan mutane suna iya gama sakandare ba su san hano ba ko da sun jingina da shi.

Hano yana shan wahala a hannun masu sassaƙe. Idan aka ɗebi ɓawo ta gefe guda, itace yakan warke. Idan aka zagaye shi duka, an yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, sai ya bushe a tsaye. A nuna wa yara wannan bambanci a jikin itacen kansa.

Akwai wani dalili da ya sa duwatsun nan suke da daraja fiye da girmansu. A fili, garma da gatari da wuta da bakin akuya sun daɗe suna tace abin da zai rayu. Cikin tsagar dutse kuwa garma ba ta shiga, wuta ba ta cika kaiwa ba. Saboda haka tsirrai da yawa da suka ɓace daga gonaki suna nan a maƙale a kan dutse, kamar irin da aka ajiye a rumbu. Haka dabbobi: kazar dutse, hasbiya, damo, da agwada a inda mafarauta suka rage ta. Idan aka fasa dutse domin tsakuwar gini, ko aka sare abin da ke kansa domin gawayi, wannan rumbu ne aka rushe. Ba mu ce kada a yi gini ba, gama kowa yana bukatar ɗaki. Amma ya dace gari ya zauna da masu unguwanni ya ware dutsen da za a taɓa da wanda za a bari.

Furen da manomi ba ya murna da shi

Daga rabin hawa, idan aka waiwaya wajen gonaki a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, wani lokaci akan ga wata gona ta yi ja-ja da furanni ruwan hoda a ƙarƙashin dawa. Baƙo zai ce wannan gona ta fi kowace kyau. Manomi kuwa ya san ƙuduji ne, wanda ake kira wuta-wuta, ya kuma san mai gonar zai koma gida da dami kaɗan.

Ƙuduji ba ya neman abinci da kansa tun yana ƙarami. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, takan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar gero, dawa ko masara ke fitarwa. Sa'an nan ta tsiro ta manne wa saiwar tana tsotse ruwa da abinci. Makonni yakan yi yana wannan ɓarna a ɓoye, kafin ya leƙo sama an riga an cuci hatsin. Tushe guda yana iya zubar da ƙwayoyi dubbai masu yawa. Shi ya sa wanda ya bar shi ya yi fure ya zubar da iri, ya shuka wa kansa da maƙwabcinsa wahalar shekaru. A tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a tara a ƙona. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, saboda haka taki yana rage shi, haka nan juya shuka da gyaɗa ko waken suya, waɗanda sukan sa ƙwayar ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Wake yana da nasa irin ƙudujin dabam. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da abokan aikinta, ta fitar da irin masara da dawa da wake masu jure masa, ana kuwa iya tambayar malaman gona.

Daga bisa, yaro zai ga da idonsa wace gona ce ƙuduji ya ci, wace ce ya bari, sa'an nan a tambaye shi dalili.

Abin da ake gani daga kan dutse

Da hunturu ƙura takan rufe ƙasa, da ƙyar a hangi ƙauyen da ke kusa. Da damina ruwa ya wanke sararin sama. Bisa ga lissafi, wanda ya hau mita 50 sama da fili yana iya hangen nisan kilomita 25, wanda ya hau mita 100 kuwa wajen kilomita 35, idan babu abin da ya tare shi. Daga nan ake gane tsarin ƙasa: gonakin karkara na kusa da gari masu shan taki sun yi duhun kore, na nesa sun yi haske, ga fadama, ga burtali inda bai toshe ba, ga kufai da kukoki suka tsaya suna shaida cewa dā akwai gari a wurin, ga kuma kwazazzabo yana cin gona daga gefe, abin da mai gonar da ke tsaye cikinta ba ya ganin iyakarsa.

Cikin wannan kore duka za a ga waɗansu itatuwa tsirara, fari-fari, kamar sun mutu. Gawo ke nan. Shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Ganyensa ya zama taki daidai lokacin shuka, ba ya kuma yi wa hatsi inuwa, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili; da rani kuwa 'ya'yansa abincin dabbobi ne. A sa yara su ƙidaya gawon da suke iya gani, sa'an nan su ƙidaya ƙananansa. Idan manya ne kaɗai, to, gonakin suna tsufa ba magaji. Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi sun fuskanci wannan bayan farin shekarun 1980, suka koma ga abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sassabe kowane toho, sai a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan kututture, a yi musu aski su girma. Ta haka aka maido da itatuwa a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, ba tare da dashe ba.

Ƙasarmu tana kan doron da ya raba ruwa biyu. Ruwan da ya gangara yamma yakan shiga koguna irin su Karaɗuwa, wanda aka datse a Zobe kusa da Dutsinma, ya bi ta Bunsuru zuwa Rima, ya wuce Sakkwato ya faɗa Kwara har teku. Kogin Gada yakan yi arewa ta Jibiya ya shiga ƙasar Maraɗi, sa'an nan ya juyo ya sadu da Rima. Wanda ya gangara gabas ta ƙasar Kano kuwa Haɗeja yake nufa, ya bi hanyar Tafkin Cadi. Hadari guda yana iya zubar da ruwan da rabinsa zai tafi teku, rabi ya nufi Barno.

Wani baƙo ya taɓa ratsa wannan ƙasa ya rubuta abin da ya gani. Shi ne Dakta Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya tashi daga Katsina a ƙarshen Janairu 1851, ya bi ta Kusada, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Ya yaba kyan ƙasar da manyan itatuwan da ke tsaye cikin gonakinta. Da rani ya gan ta, ba ganye ba fure a ƙasa, duk da haka ta burge shi. Dattawanmu su faɗa wa yara yawan ɗorawa da tsamiya da kanya da suka tarar a ƙuruciyarsu, yaran kuma su duba abin da ya rage.

Hattara

Dutse da damina yana da nasa haɗari. Falalen da ya jiƙe yana da santsi kamar an shafa masa karkashi, musamman inda ruwa ya bar baƙin zane. Saukowa kuwa ta fi hawa wuya. Hadarinmu daga gabas yakan taso, yawanci da yamma, kan dutse kuma shi ne wurin da tsawa ta fi faɗa wa. Ƙara tana tafiyar kilomita guda cikin daƙiƙa 3, saboda haka idan tsakanin walƙiya da cida bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya riga ya yi kusa. Gaskiyar magana, da an ji cida ko an ga gabas ta haɗe, a sauka, kada kuma a fake gindin itace tilo. A fita da sassafe, a komo kafin azahar.

Kada yaro ya sa hannu cikin tsaga ko ƙarƙashin dutsen da bai ga cikinsa ba, gama nan ne mazaunin kunama da kububuwa da kasa. A sa takalmi mai rufe ƙafa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da ɓata lokaci ba. Sarar kububuwa takan yi kamar ba kome da fari, daga baya jini ya ƙi tsayawa. Ruwan da ya taru cikin kwarmin dutse ko kududdufi ba na sha ba ne, ba na wanka ba. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, amma tsargiya ba ta tafi tare da shi ba. A tafi da ruwan sha daga gida.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan nauyi. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yammacin jiharmu, wajen dajin Rugu, Batsari, Safana da Ɗanmusa. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A shekarun da suka biyo baya kuwa abin ya taɓa ƙauyuka na tsakiyar jihar. Kada kowa ya ja 'ya'yan mutane zuwa daji bisa ga ra'ayin kansa. A nemi shawarar mai unguwa da dagaci, a zaɓi dutsen da ake hangensa daga gari, a sanar da iyaye wurin da za a je da lokacin komowa. Inda hankali bai kwanta ba, a haƙura da hawa, a yi darasin a bakin gona da bayan gari, gama rabin tsirran da muka ambata suna nan. Wata asarar da wannan fitina ta jawo, wadda ba a cika ƙidaya ta ba, ita ce yaran da suka tashi ba su san daji ba sai a matsayin wurin tsoro. Haka nan, idan dutsen yana da wurin da mutanen garin suke girmamawa tun kaka da kakanni, a tambaya kafin a taka, domin zaman lafiya da maƙwabta.

Yadda za a riƙe abin da aka koya

Kowane yaro ya tafi da tsohon littafin rubutu da fensir. Idan dattijo ya faɗi sunan tsiro, a rubuta sunan, da wurin da aka same shi, da amfaninsa ko cutarwarsa. Idan akwai Bafulatani cikin tafiyar a rubuta sunan da Fulatanci ma, gama makiyayi ya san ciyawar da manomi bai kula da ita ba. Daga tsirran da ba su da dafi, a tsinki reshe guda mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da abu mai nauyi har ya bushe. Kada a tuge da saiwa. Mai waya ya ɗauki hoto, amma ya tabbata ya haɗa hoton da suna. A tafi da tsofaffin mata idan ƙafarsu za ta iya, ko a kawo musu abin da aka tsinko su faɗi sunansa a gida, domin a sha'anin ganye sun fi maza nisa.

Littafin ba zai cika da fita ɗaya ba. Hano ba ya fure da damina, sai ya zubar da ganye da rani sa'an nan ya fitar da fararen furanninsa masu ƙanshi. Kariya ma da rani take yin nata, ruwan hoda a kan reshe tsirara. Rawaya kuwa takan ɓullo da furenta daga ƙasa bayan wuta ta ci daji, ba ganye ko ɗaya tare da shi. A bar wa waɗannan shafi uku, a komo gare su cikin Janairu ko Fabrairu.